Aninan Inna Mai Nono

Kawuna maƙerin fari ne a kasuwar Isa. Zobe yake yi da awarwaro da 'yan kunne, kuma yawancin azurfar da yake aiki da ita daga tsofaffin kuɗi take fitowa. Mutane su kawo masa sule da sisi na farkon zuwan Turawa, ya narka, ya zuba, ya buga. Amma cikin abin da ake kawo masa akwai waɗanda ba ya so, su ne anini da ɗari da kwabo masu huji a tsakiya. Su ma farare ne, idan aka goge su da toka sai ka rantse azurfa ce. Sai dai wutarsa ba ta cin su da daɗi, ko sun narke kuma ba su ba da abin kirki. Farin ƙarfe yake ce musu. Sai da na shiga makarantar horon malamai na ji ana ce wa ƙarfen nikel. Kawu yana da wani tsohon gwangwani kusa da zugazugi, a nan yake watsa su.

Daga wannan gwangwani na fara tara nawa, lokacin da aka turo ni koyarwa Isa, ina sabon ango. Kawu ya koya mini yadda ake bambanta su. Ka saki kuɗin bisa uwar maƙera ka saurara: azurfa tana jan amo kamar ba ta son yin shiru, farin ƙarfe kuwa ya ce ƙil ya tsaya. Ka goga shi a baƙin dutse ka dubi layin da ya bari. Ka duba cikin rubutun, azurfa baƙi take yi idan ta tsufa, farin ƙarfe toka-toka. Ni kuma na ƙara da abin da Kawu ba ya da shi, wato karatun boko. Ina karanta sunan sarkin Ingila da ya zagaye hujin, da shekarar da ke ƙarƙashin tauraro a ɗaya gefen, da ɗan rubutun Larabci da suka sa domin mutanenmu. Har wani ɗan mitsitsin harafi na gano, wanda ke nuna gidan da aka buga kuɗin. Matata ta ɗinka mini wani farin ƙyalle mai ƙananan aljifai layi-layi, na jera su sarki bayan sarki.

Aljihu ɗaya ne ya daɗe babu kome a ciki. Akwai wani sarkinsu da bai shekara bisa gado ba ya sauka, amma an riga an buga kuɗi da sunansa. Na sami anininsa, na sami ɗarinsa, kwabonsa ne ya gagare ni. Na tambayi 'yan koli, na tambayi direbobin Sakkwato, har wani ɗan kasuwa mai shiga Maraɗi na roƙa. Shekara uku ina nema.

A Sabon Birni aka haife ni, can mahaifiyata take. Gonar mahaifinmu tana kan hanyar Unguwar Lalle, kuma tun kafin a haife ni akwai wani gidan Fulani da ke sauka a cikinta kowace kaka, shanunsu su ci kara su bar mana taki. Matar gidan ita ce muke ce wa Inna mai nono. Doguwa ce, siririya, mai saurin dariya. Da aka haife ni mahaifiyata ta kwanta ciwo har nononta ya ɗauke, sai Inna ta ware saniya ɗaya, kullum da safe ta kawo madararta da ɗuminta, wata huɗu cur, kuma ta ƙi karɓar ko zangarniya ɗaya a kai. Tun daga nan ba ta kira na da kome sai "ɗan saniyata", har na yi gemu.

Inna tana da igiya biyu na tsofaffin kuɗi da take kitsawa cikin gashinta ranar salla ko suna, su sauko ta gefen kunnuwanta har kafaɗa. Na uwarta ne, uwarta kuma ta gada wajen tata uwar. Idan tana tafiya sai ka ji suna ɗan kaɗawa. Cardi take ce musu, azurfa ke nan a bakinsu. Ban taɓa riƙe su a hannuna ba, kuma ban taɓa tunanin in duba ba.

Sai fari ya zo. Shekarar farko ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai. Shekara ta biyu sau uku muka yi shuka, sau uku rana ta ƙone ta. Gulbi ya zama rairayi, mata suna tona tsakiyarsa har iya ƙugu kafin su ga danshi. Mutanen arewa suka yi ta gangarowa da raƙuman da ƙashin haƙarƙarinsu ya fito, suna zama a bakin gari ƙarƙashin itatuwan da aka riga aka sassaɓe wa ganye. A ƙauyuka ana tona gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin da suka tara, ana jiƙa 'ya'yan itacen anza kwana da kwanaki don ɗacinsu ya fita. Shanu sun mutu har ungulu ta daina sauka, fata kuma ta cika kasuwa babu mai tayawa. A cikin wannan hali ne kuma aka canza kuɗi, fam da sule suka tafi, naira ta zo. Mutanen daji ba su yarda da sabon ba, tsohon kuma an ce ya kusa daina aiki. Kowa ya rikice, duk abin da yake da shi mai ƙyalli ya fito da shi.

Yayan matata ɗan kasuwar hatsi ne a Isa. Ya ga alamar abin tun da wuri, ya cika sito biyu da gero. Da yunwa ta kai inda ta kai, sai ya fara karɓar kaya a maimakon kuɗi: tasoshin jan ƙarfe, takubba, sirdi, mundaye, zobba. Matsalarsa ɗaya, bai san azurfa ba. Da Kawu zai kira, amma a lokacin yanar ido ta kama Kawu, da ƙyar yake gane mutum sai ya yi magana. Sai ya kira ni. Makaranta ma rabin yaran sun watse. Ya shimfiɗa mini tabarma a ƙofar sito ranar kasuwa, ga baƙin dutsen Kawu, ga ɗan guntun ƙarfe na gwada amo, idan an tashi kuma ya auna mini tiya ɗaya ta gero.

Ba za ni ɓoye ba, na ji daɗin wannan zama. Ba don geron kawai ba. Shekara da shekaru abokaina malamai suna yi mini dariya, suna cewa ina tara abin da ko makaho ba ya karɓa. Yanzu ga dattawa masu rawani suna tsugunawa gabana suna jiran abin da za ni ce. Ana ce mini Malam mai duba. Idan na saki kuɗi bisa ƙarfe, wurin sai ya yi tsit, kowa ya kasa kunne kamar shi ma ya san abin da ake saurare.

Wata ranar kasuwa, rana ta take, layi ya yi tsawo, na ɗaga kai don karɓar na gaba sai na ga wata tsohuwa ta tsuguna. Ban gane ta ba sai da ta yi magana.

"Ɗan saniyata, an ce kai ka duba a nan."

Inna ce. Wuyanta ya zama kamar kara, idanunta sun faɗa, ta ɗaure kai da wani tsumma, babu kitso a ƙarƙashi. Na gaishe ta a gurguje, na tambayi Baffa, wato mijinta, na tambayi shanu. Ta ce Baffa yana nan amma ƙafafunsa sun kumbura, shanu kuwa huɗu suka rage, suna zaune kusa da Tsamaye. Ta ce akwai mai karɓar kaya a can kusa da su, amma ta ji labarin ni ne ke dubawa a Isa, shi ya sa ta wuce shi ta tako kwana biyu a ƙasa. Ta ce gara ɗanta ya duba mata, ba wanda zai cuce ta.

Ta kwance bakin zanenta ta fito da igiyoyin nan biyu. Ta goge su tas, suna walƙiya a rana har mutanen da ke bayanta suka miƙo wuya.

Tun kafin su taɓa hannuna na san mene ne. Mai huji a tsakiya tun daga gidan bugu ba ya zama azurfa. Amma na yi duk abin da na saba yi don mutane su gani. Na kaɗa, na goga a dutse, na ɗaga sama na duba. A bakin kowace igiya akwai sisi ɗaya da aka huda da ƙusa, waɗannan biyun azurfa ne na gaske. Sauran duk aninai ne da ɗari-ɗari da 'yan kwabbai. Ina cikin juya su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, sai idona ya faɗa kan wani kwabo a tsakiyar igiya ta biyu. Na karanta sunan, na sake karantawa. Kwabon sarkin nan ne da bai shekara ba. Gashin Inna da man shanu sun kare shi, ko ƙwarzane babu. Nan take na manta wadda ke tsugune gabana.

Surukina ya leƙo daga bakin buhu. "Malam, mi ka gani?"

Na ce, "Sisi biyun ga na bakin igiya azurfa ne. Sauran duk farin ƙarfe ne, ba su da wani amfani."

Ba wanda ya tambaye ni ko suna da amfani. Ni na ƙara wannan da bakina, kuma da ƙarfi na faɗa, yadda na saba magana a aji.

Inna ta ɗan matso. Ta ce a hankali, "Sake dubawa, ɗana. Na uwata ne."

Maimakon in yi shiru, sai na shiga yi mata bayani. Na ce Turawa ne suka kawo su buhu-buhu, na ce goma na aninan nan ne kwabo ɗaya a zamaninsu, na nuna mata rubutun Larabcin na karanta mata inda aka rubuta haka. Wani daga cikin layi ya yi 'yar dariya. Ita dai ta zuba wa bakina ido har na gama.

Surukina ya sa wuƙa ya yanke sisin nan biyu. Ya cika tiya ɗaya, sa'an nan ya sa gefen hannu ya share tozon da ke sama ya koma cikin buhu. Inna ta shimfiɗa mayafinta aka juye mata. Wasu 'yan ƙwayoyi suka zube ƙasa, ta tsince su ɗaya-ɗaya.

A nan ya kamata in tashi in bi ta. Amma abin da na yi shi ne na riƙe igiya ta biyu ban sake ta ba. Na ce, "Inna, wanga guda ɗaya na tsakiya, ki saida mini shi."

Ta dube ni, ta dubi igiyar. Ta karɓa, ta sa haƙori ta kwance ƙullin. Da yake a tsakiya yake, sai da ta zare duk na gabansa suka zubo cinyarta. Ta ciro shi ta sa mini a tafin hannu, ta naɗe yatsuna a kai da nata yatsun masu sanyi.

"Riƙe," ta ce. "Ba a saida abin da ba shi da amfani."

Ta koma gefe tana mayar da sauran cikin igiya, zaren yana kuskure huji. Na ce a raina bari layi ya ragu, idan an auna mini tiyata sai in neme ta in ƙara mata. Na karɓi mundayen wani Buzu na ci gaba da aiki. Lokacin da na sake waiwayawa, babu ita. Da aka tashi na zaga rumfar masu nono, wadda babu nono a cikinta, na zaga bakin tasha da bakin rijiya. Ba wanda ya lura da inda ta bi. Tsofaffi irinta sun yi yawa a kasuwar a wannan shekara.

Da la'asar na biya ta wajen Kawu. Har yanzu ina mamakin kaina, domin na je ne in nuna masa abin da na samu. Yana zaune a ƙofar maƙerarsa da ta yi wata biyu ba a hura wuta ba. Na sa masa kwabon a hannu. Ya shafa shi da yatsa, ya kai hanci ya shinshina, ya ce wannan daga igiyar Bafillatar gidanmu ya fito. Na tambaye shi yadda ya sani. Ya ce shekara ashirin ko fiye, duk lokacin da ya je salla Sabon Birni sai ta kawo masa su ya wanke mata da tsamiya ya sake mata zare. Ya ce ya san kowane ɗaya a cikinsu. Na ce to ashe ya san ba azurfa ba ne. Ya ce tun ranar farko ya sani. Sau ɗaya ta taɓa tambayarsa darajarsu, ya ce mata ta riƙe abinta kada ta sayar wa kowa, ba ta sake tambaya ba.

Na ba shi labarin abin da ya faru, ina ƙoƙarin gyara wasu wurare. Ya saurara har ƙarshe.

"Da ka ce gauraye ne, wa za shi ƙaryata ka?" ya ce. "Surukinka bai san azurfa da gwangwani ba."

Na ce ai wannan ƙarya ce, Kawu, kuma mutum ya ba ni amana, dukiyarsa ce.

"Gaskiyarka, amana ce." Ya miƙo mini kwabon. "Wanga fa, amanar wa ka riƙe da ka karɓe shi?"

Har yau ban yarda cewa ƙarya ce ta dace ba, kuma ba na jin Kawu ma ya yarda da haka har zuciyarsa. Amma tsakanin ƙarya da abin da na yi akwai hanyoyi da yawa. Da na iya jan surukina gefe in ce wannan uwata ce, a auna mata a kaina. Da na iya ce mata a kunne ta ɓoye igiyoyinta mu tafi gida. Duk sun zo mini a rai, amma sai bayan kwabon ya shiga aljihuna.

Da na koma gida na warware ƙyallen na sa shi a gurbinsa. Layin ya cika. Na tsaya ina kallonsa, kuma duk da abin da Kawu ya faɗa mini, na ji daɗi. Wannan ma dole in rubuta shi.

Ranar da babu makaranta na ɗaure tiya uku a bayan keke, abin da ya rage mana ke nan ban da na kwana biyu, na kama hanyar Tsamaye. Rairayi ya sa rabin tafiyar tura keken na yi. Na tambayi mashekarinsu aka nuna mini. Na tarar da duwatsun murhu da toka mai sanyi, da turaku a kafe, da ƙasusuwan saniya ɗaya karnuka sun gama da su. Wani tsoho manomi da ke zaune a bakin ƙauyen ya ce sun tashi shekaranjiya, sun yi kudu, an ɗora maigidan a jaki. Ya ce kafin su tashi tsohuwar ta zaga gidaje da wasu igiyoyin kuɗi tana neman ko dusa a ba ta, ba wanda ya karɓa. Na tambayi dalili. Ya ce ai labari ya iso daga Isa, wani malami mai ilimin abin ya duba irinsu ya ce ba su da amfani. Bai san da wa yake magana ba, ni kuma ban gaya masa ba.

Daga can na wuce Sabon Birni na kai wa mahaifiyata geron. Labari ya riga ni isa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta amsa gaisuwata, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam mai duba." Ta sa aka daka geron aka yi kunu, ta rarraba wa gidajen maƙwabta masu ƙananan yara, ita ko kurɓa ba ta yi ba, alhali na ga yadda zanenta ke zagaye ta sau biyu. Har damina ta gaba ta faɗi, da wannan suna take kira na, a gaban baƙi da bayan idonsu.

Na koma tabarmata a ƙofar sito, domin matata tana da ciki kuma tiyar nan ita ke riƙe da mu. Amma na lura da wani sabon abu. Surukina ya ajiye babban daro a gefe. Duk wadda na ce nata farin ƙarfe ne, kafin ta tashi sai ya ce tun da ta sha tafiya, ta zuba su a daro ya ba ta dusa cikin tafin hannu biyu saboda Allah. Mata suna zubawa suna yi masa addu'a. Daro ya cika aka juye a buhu, ya sake cika. Na ɗauka wa masu ƙera wuƙa zai kai.

Bayan kamar wata biyu wani mutum ya zo daga wajen Maraɗi da mota, yana jefa Faransanci cikin maganarsa. Ya shiga sito suka daɗe, aka fito da buhunan nan aka loda masa. Direbansa ne ya gaya mini abin da ake yi da su. Turawan da suka zo aikin rabon abincin agaji a can suna son su ƙwarai, ana jera musu su a igiyar fata su rataya a wuya, su kai wa danginsu tsaraba. Ya ce musamman masu tauraro da huji, kuma idan an ce daga kan Bafillata aka ciro sai su ƙara so. Ban san abin da aka ba surukina ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga kafin kaka ya sa an rufe gidansa da kwano.

Na same shi bayan motar ta tafi. Na ce Yaya, ashe abin nan yana da masu saye, kake ba mata dusa a kai. Bai ko ɗaga murya ba. Yana ɗaure bakin buhu ya ce, "Malam, kai ka ce ba su da amfani, gaban jama'a, ba sau ɗaya ba. Ni ban yi boko ba. Abin da mai ilimi ya ce shi na bi."

Na naɗe tabarmata na ɗauki dutsen Kawu na tafi. Bai aiko a kira ni ba, domin ya riga ya koyi abin da yake bukata daga kallona: mai huji a daro, marar huji a saki a ji amo. Matata ta yi mako guda ba ta yi mini magana ba. Ta ce na zaɓi lokacin da cikinta ya tsufa in yi zuciya, kuma zuciyar tawa ba ta mayar wa kowace mace da abinta ba. Ba ta faɗi ƙarya ba. Yayan nata ya ci gaba da aiko mata da gero a ɓoye, ni kuma na ci gaba da cin tuwonsa ina yi kamar ban san inda ya fito ba.

Ruwa ya dawo a shekara ta gaba. Mahaifiyata ta sa aka bar kara a gona har ya bushe ya karye, ko Allah zai kawo su Inna. Wasu Fulani suka zo suka roƙa, ta hana. Shekara biyu tana haka, a ta uku ƙanena ya ba wasu. Kawu ya rasu a tsakanin nan, maƙerarsa ta zama shagon mai faci.

Bayan shekara goma fari ya sake dawowa. Wata rana na je tashar Isa raka baƙo, sai wani ɗan dako ya sauke buhu daga ka ya tsaya yana kallona. Babban ɗan Inna ne, tsarana, wanda muka yi wasa tare a cikin karan gonarmu, shi ya koya mini tatsa. Ya rungume ni yana dariya, haƙoransa na gaba babu. Na ja shi gida. Matata ta kawo tuwon jar masarar agaji, ya juya mana baya ya ci kaɗan, ya ture kwanon ya ce ya ƙoshi.

Ya ba ni labari. Sun gangara har bayan Gusau, shanun da suka rage ba su saba da ciyawar can da ƙudanta ba, suka mutu cikin wata uku. Baffa bai ga damina ba. Inna ta yi shekara shida tana daka da wanke-wanke a gidan wani mai hali a wani gari, a ɗakin bayan gidan ta rasu. Shi kuma ya yi kiwon shanun wasu, ya yi gadi, ya yi haƙar rijiya. Ya ce har ta rasu tana ambaton mahaifiyata, tana cewa ba ta taɓa ƙawa irinta ba.

Na tambaye shi ko ta taɓa ba su labarin zuwanta Isa. Ya ce ta dai dawo da gero a mayafi, suka yi kwana huɗu suna sha, ba ta ce kome ba. Na tambayi igiyoyin kanta. Ya yi ɗan tunani, ya ce bai sake ganin ta sa su ba, wataƙila sun ɓace a wajen ƙaura, abubuwa da yawa sun ɓace. Ƙyallen yana cikin akwati a ɗakin da ke bayanmu. Na yi niyyar tashi in ɗauko, sai na ga ban san abin da za ni ce masa idan na miƙa masa ba, na zauna.

Da zai tafi ya roƙe ni abu ɗaya. Ya ce bayansa ya fara gazawa da dako, ya ji an ce makarantarmu tana neman mai gadi, ko za ni sa masa baki. Na ce in Allah ya yarda za ni yi. Wannan karon na yi ɗin, washegari da safe na sami shugaban makaranta. Ya ce na makara da kwana biyu, an riga an ba wani ɗan'uwan matarsa. Na yi kwana uku ina jin nauyin komawa tasha da wannan amsa. Ranar da na je, 'yan dako suka ce ya gaji da jira, ya roƙi wani direba ya ɗauke shi a bayan mota zuwa Sakkwato, an ce ana ɗaukar lebura a can.